Kifina ya ƙi cin abinci har ya mutu: wa ya taɓa shiga irin wannan, kuma me ya saka a gurbinsa?

Mai tambaya, daga Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ruwan gishiri. Jiya da asuba, bayan na dawo daga masallaci, na tarar da kifina kwance a bayan dutse, ya mutu. Irin nan ne da masu shago ke kira Moorish idol, mai ratsin baƙi da fari da ruwan ɗorawa, mai dogon baki, ga wani dogon zare a gadon bayansa kamar jelar rawani. Kwana 23 ya yi a gidana. Tankin lita 400 ne, ya shekara ɗaya da 'yan watanni, ma'aunin gishirin ruwan yana kan 1.025, zafin ruwa digiri 26, amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, babu ko kaɗan. Ruwan lafiyarsa lau. Abinci ne ya ƙi ci. Na ba shi ƙananan jatan lande daga firiza, na ba shi ganyen teku, na buɗe masa kawa na ajiye a ƙasan tanki, har tafarnuwa na jiƙa abincin da ita saboda an ce tana buɗe musu ciki. Sai ya zo ya sunsuna, ya juya ya tafi. A makon ƙarshe bayan kansa ya faɗa, zaren nan ya gutsure.

Abin ya taɓa ni fiye da yadda na zata. 'Yata mai shekara takwas ita ke fara gaishe shi kullum kafin ta tafi makaranta, jiya kuwa ko karin kumallo ba ta yi ba. Yanzu ɗan goby ɗaya ne kawai ya rage a tankin. Don Allah duk wanda ya taɓa rasa irin waɗannan kifaye masu wuyar sha'ani ya faɗa mana yadda aka yi, da abin da ya saya daga baya, da ko ya ji daɗinsa.

Wata 'yar'uwa, daga Abuja:

Wa alaikumus salam. Sannu Yaya, Allah ya mayar maka da mafi alheri, a kuma rarrashe mana ɗiyata. Moorish idol a teku soson teku yake ci da wasu halittu masu laushi da ke manne a jikin murjani, kuma wuni yake yana tsinta. Babu wannan cimar a tankin gida, shi ya sa da yawansu ba sa daɗewa. Kada ka ga kamar kai ne ka gaza wajen kula.

Ni nawa mandarin ne, ɗan ƙarami, bai fi tsawon yatsa ba, launinsa kamar an zana masa atamfa, shuɗi da kore da ruwan lemo. Tankina watansa biyar kacal lokacin da na saka shi. Ban san cewa abincinsa wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ba ne da ke rayuwa a jikin duwatsu, waɗanda ake kira kofifod, sai tanki ya tsufa ya kuma yi duwatsu da yawa sannan suke yaɗuwa yadda za su ishe shi. Kullum ina ganinsa yana yawo yana tsattsagar dutse, sai in ce a raina alhamdu lillahi yana ci. Ashe nema yake yi bai samu ba. Ya cinye 'yan ƙwarin da ke ciki tun a makonnin farko. Wata biyu ya yi yana ramewa a gabana, har cikinsa ya shige, ni kuwa ban san abin da zan duba ba. Wannan ne ke damuna har yau, cewa yunwa ta kashe shi alhali ga abinci ina zubawa safe da yamma.

Na yi wata uku ban sayi komai ba. Daga baya na ɗauki clownfish guda biyu, irin ocellaris, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gonar kifi ba daga teku aka kamo su ba. Ranar da suka iso suka ci abincin gwangwani. Yanzu shekararsu biyu a wurina. Ɗaya ya fi ɗaya girma, kuma shi babban ya rikiɗe ya koma mace, domin haka halittarsu take. Ba su da kwarjinin mandarin, wannan gaskiya ce, amma da sun hango ni sai su taso gaban gilashi.

Wani ɗan'uwa, daga Legas:

Malam, kafin a shiga maganar wanda za a saya, bari in tambaye ka. Ka ga fararen ɗigo a jikinsa kamar an watsa masa gishiri? Ko wata ƙura mai ruwan zinariya? Yana gurza jikinsa da dutse, ko yana numfashi da sauri a gaban famfo? Goby ɗin yana ci?

Mai tambaya:

A'a ɗan'uwa, babu ɗigo, babu ƙura, kuma goby yana cin abincinsa sosai. Rama ce kawai.

Wani ɗan'uwa, daga Legas:

To alhamdu lillahi, ka tsira daga abin da ya same ni. Ni powder blue tang na saya, shuɗin nan mai baƙar fuska da fiffiken baya ruwan ɗorawa, na tekun Indiya. Daga leda kai tsaye na zuba shi cikin babban tanki. Kwana biyar sai ga fararen ɗigo. Bayan kwana uku ɗigon suka ɓace, na yi murna na ce ya warke. Nan ne kuskuren. Ƙwayar cutar sauka take yi daga jikin kifi ta faɗa ƙasa, ta yi wa kanta kwanso, ta hayayyafa a ciki, sannan ta fashe ta fito da ɗaruruwa. Da ta dawo, duk kifin da ke tankin ta kama. Kifi bakwai nake da su, biyu suka rage.

Maganinta mai jan ƙarfe ne, amma ba a zuba shi a babban tanki, domin yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani, ga shi duwatsu suna shanye shi. Dole na kwashe biyun da suka rage na kai su wani ƙaramin tanki mara dutse mara yashi na yi musu magani a can, babban kuma na bar shi kwana 76 babu kifi ko ɗaya, don ƙwayar ta rasa jikin da za ta kama ta mutu. Wata biyu da rabi ina kallon ruwa da duwatsu. Da lokaci ya cika royal gramma na saya, ɗan yankin Karebiyan, rabinsa shunayya rabinsa ruwan ɗorawa. Yana son kogo, wani lokaci har ka gan shi a kife a ƙarƙashin dutse yana iyo ciki sama, kada ka tsorata, ɗabi'arsa ce. Ba ya zaɓen abinci.

Duk abin da za ka saya, ko da mai ƙarfin jiki ne, ka fara ajiye shi a tankin killacewa na mako huɗu. Lita 40 ma ta isa, da ɗan famfo, da guntayen bututun roba da zai riƙa ɓuya.

Wani malami, daga Kano:

Ni kuwa wuta da zafi ne suka yi mini ɓarna. Copperband nake da shi, mai dogon baki kamar tsinke, ratsinsa ruwan tagulla. Kowa ya ce ba zai ci ba, amma na yi haƙuri da shi, ina cusa nama cikin kwanson kawa yana zaƙula, har ya saba. Wata tara muna tare. Sai ga watan Afrilu, zafin Kano kun san shi. Ruwa ya kai digiri 31 da rana. A wani dare aka ɗauke wuta, man janareta ya ƙare wajen ƙarfe ɗaya muna barci. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, kuma da famfo ya tsaya, iskar da ke ciki ba ta daɗewa. Da gari ya waye na same shi a saman ruwa. Ƙananan kifayen sun sha wuya amma sun rayu, shi ne bai jure ba.

Abin da na fara saya bayan nan ba kifi ba ne. Inbata na haɗa wa tankin shi kaɗai, da batir, da ɗan injin hura iska mai tashi da kansa idan wuta ta tafi, sannan na ɗaura fanka tana hura saman ruwa. Fanka tana rage zafi, sai dai tana ƙafar da ruwa, kuma idan ruwa ya ƙafe gishirin nan yana nan bai tafi ba, sai ma ya ƙara ƙarfi. A lokacin hunturu abin ya fi tsanani saboda bushewar iska. Ruwan da za ka cike da shi tatacce ne mara gishiri, kowace rana, ba sai mako ya zagayo ba. Na ga wanda ke cikewa da ruwan gishiri har ma'auninsa ya wuce 1.030 bai sani ba.

Yanzu damsel mai shuɗin jiki da jela ruwan ɗorawa nake da su, da Banggai cardinal guda biyu, 'yan tsibiran Banggai na Indonesiya, amma nawa na gona ne. Namijin a baki yake ɗaukar ƙwai, ya yi makonni bai ci komai ba har 'ya'yan su fito. Na taɓa ganin haka sau ɗaya a tankina, kuma ranar na kira maƙwabta.

Wani matashi, daga Kaduna:

Malam, a gafarce ni, amma batun damsel a yi hattara. Ƙarfin jiki yana da shi, faɗa ma yana da shi. Nawa mai ɗigo uku farare ne, ya girma ya mallake tankin, duk sabon kifin da na saka sai ya kora shi lungu ya hana shi ci. Sai da na kwashe duwatsu gaba ɗaya kafin na iya kama shi. Naka mai jela ruwan ɗorawa ya fi sauƙin kai, amma duk da haka shi ne ya kamata ya shiga tanki a ƙarshe.

Wani dattijo, daga Port Sudan:

Ɗana na Jidda, ni da kai bakin ruwa ɗaya muke, kai kana gabas ina yamma. Ban taɓa ajiye kifi a gilashi ba sai da na tsufa jikana ya haɗa mini, amma na yi shekaru ina shiga Bahar Maliya da masunta, har wajen murjanin Sanganeb, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren gado na duniya a 2016. Akwai wani kifi a ruwanmu mai kama da naka sosai, mai ratsi da dogon zare a baya, sunansa a littafi Heniochus intermedius. Danginsa ana sayar da su a shaguna, kuma suna karɓar abinci fiye da wanda ka rasa nesa ba kusa ba. Idan kamannin ne yarinya ke kewa, wannan zai share mata hawaye. Sai dai ka sani yana girma, yana son fili, kuma in kana da niyyar saka murjani mai rai wata rana, wasunsu suna tsattsagarsa.

Wanda ni nake da shi ɗan ƙarami ne, orchid dottyback, shunayya ne tas da baƙin layi da ya ratsa idonsa. Ba a samun sa a ko'ina a duniya sai Bahar Maliya, amma yanzu ana ƙyanƙyashe shi a gona. Ka tambayi mai shago daga ina nasa ya fito. Ruwanmu ya fi sauran tekuna gishiri, yana kai wa kashi 40 cikin dubu, alhali galibin tankuna a kan 35 ake ajiye su. In daga teku aka kamo shi, sai ka saba masa da ruwanka a hankali, ɗigo-ɗigo.

Wani ma'aikacin shagon kifi, daga Dubai:

Baba ya faɗi gaskiya. Ni shekara shida nake wannan aiki, kuma zan faɗa muku abin da nake gani. Muna kawo Moorish idol da mandarin da cleaner wrasse, ɗan kifin nan mai tsince ƙwari a jikin sauran kifaye, saboda mutane suna nema ne, kuma raina ba ya so duk lokacin da na ɗaure ledar ɗaya na miƙa wa wanda tankinsa sabo ne. Kifin kan yi kwanaki a hanya, daga hannun masunci zuwa mai tarawa zuwa jirgi, mafi yawa ba tare da ya ci komai ba. Wani ma tun a teku aka cuce shi, domin a wasu yankunan Filifin da Indonesiya akwai masu fesa gubar sayanayid a cikin murjani don kifi ya suma su ɗauke shi. Haramun ne a dokokinsu, amma ana yi. Irin wannan kifin sai ya iso da launi mai kyau, ya yi 'yan makonni ya mutu ba dalilin da ido zai gani.

In kun zo saye, ku ce a zuba masa abinci a gabanku. Ku tabbata ya haɗiye, ba ya ɗauka ya tofar ba. Ku tambayi ranar da ya iso. In bai kai mako biyu ba, ku ba da kafin alƙalami ku ce a ajiye muku shi. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan, ku nemi wani.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa 'yata maganar Baba, na nuna mata hotunan duka biyun. Na zaci mai zaren za ta zaɓa, sai ta ce ba ta son wanda zai riƙa tuna mata da wancan, shunayyan take so. Ni ma hankalina ya fi kwanciya da shi, tunda ina da burin saka murjani nan gaba.

Ranar Asabar muka je shago. Na sa aka zuba abinci kamar yadda ɗan'uwa na Dubai ya ce, guda uku ne a tankin, ɗaya ya riga sauran fitowa daga bututu ya cafke, shi muka ɗauka. Na gona ne, kuma ya yi kwana 18 a shagon. Yanzu yana tankin killacewa na lita 40 a ɗakin karatu, yau kwana huɗu, yana ci safe da yamma, ita ke ba shi. Na rubuta ranar da mako huɗu zai cika na manna a jikin gilashin.

Abu ɗaya ya rage. Mai shago ya ce irinsa yana tsalle ya faɗo waje idan ya firgita, babban tankina kuwa buɗe yake. Malam na Kano, tunda kai fanka kake hurawa a saman ruwa, da me ka rufe naka? Raga ce ko gilashi, kuma in raga ce, wane girman ido ne ba zai bar kifi mai tsawon santimita shida ya wuce ba?