Neman taimako: makin ƙarfi a wasan Dungeons & Dragons da ƙarfin mutum na gaskiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina jagorantar wasan Dungeons & Dragons ga wasu matasa a nan Maradi. Wasa ne da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, ana ba jarumin maki a kan abubuwa kamar ƙarfi da basira, kuma na tsaya cik a kan yadda zan daidaita makin jaruman da iyawar mutanen da muka sani.

A tsohuwar hanya ana jefa 'ya'yan ludo uku masu fuska shida, maki ya kama daga 3 zuwa 18, matsakaicin mutum kuma yana kan 10 ko 11. Dokar littafin wasan, bugun 2014, ta ce nauyin da mutum zai ɗauka shi ne makin ƙarfinsa sau fam 15 na nauyi, ke nan mai maki 10 zai ɗauki kusan kilo 68. To ɗan dako a babbar kasuwa yana saɓa buhun gero mai kilo 100 ya yi tafiya da shi, wanda a lissafin nan sai mai maki 15, alhali jifa 20 kacal cikin 216 ke kai 15 ko fiye. Shin 'yan dakonmu duka zaɓaɓɓu ne haka, ko kuwa sabo da iya saɓa kaya ne dokar ba ta lissafa ba? Ni na fi karkata ga na biyun.

Makin basira ya fi ba ni wuya. Maroƙin da ya haddace salsalar sarakunan Katsinar Maradi amma bai yi boko ba, maki nawa ya dace da shi? Don Allah wanda ya taɓa warware wannan ya nuna mini ma'aunin da ya bi.