Ƙuna ce ko harbi? Neman sunan abin da eriyar rediyo ke yi wa mai taɓa ta

Jama'a ku taya ni. Ina son rubuta allon gargaɗi da Hausa, irin wanda ake maƙalawa a gindin ƙarfen eriya na masu rediyon sha'awa, mutanen nan da ke kafa tasha a gida su yi hira da duniya, waɗanda lambar kiransu ke farawa da 5N a Najeriya, 5U a Nijar. Kalmar da ta cije min ita ce "RF burn", wato raunin da wutar rediyo ke yi wa fatar wanda ya taɓa eriya.

Wani ya ce a rubuta "shokin" a huta. Malam, ba shokin ba ne. Wutar NEPA jan mutum take yi, ta girgiza shi. Wannan kuwa ba ta ja. Ka taɓa eriya ana cikin watsa magana, sai ka ji zafi kamar an ɗosana maka allura mai wuta, ka ji ƙaurin fata, ka duba ka ga ɗan farin tabo ƙanƙani. Ciwon a ciki yake, kuma yana daɗewa bai warke ba. A Amurka doka ta yarda mai rediyon sha'awa ya watsa da ƙarfin wutar da ya kai wat 1500, kuma ƙarfin ya fi taruwa a bakin wayar eriya, can ƙarshenta, inda ake zaton babu komai.

"Ƙunar iska" an kawo, na ƙi. Duk wanda ya ga "iska" a allo, aljanu zai tuna.

"Ƙunar eriya" daidai ce, ma'aikacin asibiti ma zai gane. Amma ni zuciyata ta fi kwanciya da "harbin eriya". Kunama ce ta koya mana kalmar: tabo kaɗan, raɗaɗi mai yawa, kuma ba ka ganin zuwansa. Yaron da aka ce wa "ƙarfen nan yana harbi" ba sai an ƙara masa bayani ba.

Wata Hajiya ta tambaya, ai eriyar tana can sama, me ya haɗa ta da mai wucewa? Wasu sukan sa hasumiyar kanta, wato dogon ƙarfen da ake ɗora eriya a kai, ta zama eriya, ƙarfen tun daga ƙasa yana ɗauke da wuta, shi ya sa ake kewaye gindinsa da shinge. Ga kuma yara, su a wurinsu tsani ne aka kafa musu. Maganinsu faranti mai santsi da ake rufe ƙasan hasumiyar da shi, ya wuce tsayin mutum, babu wurin sa ƙafa. Wannan sunansa bai ba ni wahala ba: "hana-hawa", kamar yadda muke da hular hana-salla.

Allon dai zan rubuta: "Hattara! Ƙarfen nan yana harbi. Kada a taɓa, kada a hau." Mutanen Damagaram da Maraɗi, haka za ku faɗa, ko kuna da taku?