Abin da muka tsayar kan lafiyar tsofaffin unguwa

A zaman da muka yi a zauren mai unguwa, hawan jini ne ya cinye mana lokaci. Ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta ce cutar ba ta sallama, sai dai a wayi gari tsoho ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Shawararta ita ce a riƙa awo a harabar masallaci bayan Juma'a. Wanda nasa ya kai 140/90 a sake auna shi wata rana, in bai sauka ba a tura shi asibiti. Liman ya ɗauki nauyin sanarwa.

Ni dai maganar iyayenmu mata da ba sa fita ta fi taɓa ni. Wata yarinya ta kawo ledar maganin kakarta, ƙwaya biyu suka rage, Inna tana raba kowace gida biyu don ta kai ƙarshen wata. Aka amince matan adashe su bi gida-gida da na'urar awo.

An kuma ce a rage gishiri da dunƙule a miya, a nema wa marasa ƙarfi rajista a BHCPF, asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa.