Wai na ɓata motar Baba don na matse parshok ɗin baya

Mai Marsandi: Salamu alaikum jama'a. Tun jiya raina a ɓace yake. Marsandi 450SL ta 1976 da marigayi Baba ya bari, wadda ta fito daga Amurka ta sauka Kwatano, ita na kai wa toliye, wato mai gyaran bodin mota, ya matse mini parshok ɗin baya, wato bamba. Duk wanda ya san motar ya san yadda ƙarfen nan ya turo waje kamar bencin mai shayi, har yaran unguwa na hawa su zauna. Mun huda shok biyun da ke riƙe da shi, mai ya tsiyaye, muka tura shi ciki ya kwanta jikin mota, aka kama da walda, aka rage robar gefe. Yanzu bayan motar ya yi sumul. Yayana na gani ya ce na ɓata motar Baba, a gaban mutane kuwa. Ni maido ta asalinta kawai na yi. Ina laifina?

Direban Kwatano: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wane asali? Motar nan daga masana'antar Jamus da wannan ƙaton ƙarfen ta fito. Ba wani ya liƙa mata shi a hanya ba.

Toliyen Sabon Gari: A'a Alhaji, a yi gaskiya. Lokacin da aka fitar da wannan samfurin a 1971, siririn parshok mai ƙyalli gare shi. Dokar Amurka ce ta zo ta ce tilas mota ta jure karo na kusan kilomita 8 a awa, gaba da baya, ba tare da fitilu sun fashe ba, shi ya sa daga 1974 waɗanda aka tura can suka samu dogon ƙarfe da shok a ciki. Wanda ya zana motar ba haka ya zana ta ba. Asali shi ne zane.

Direban Kwatano: Asali shi ne yadda abu ya fito ranar da aka haife shi. Zane takarda ce.

Malamin Lise: To in asalin Turai kake nema, fitilun gaba fa? Na Amurka guda huɗu ne masu zagaye, na Turai manya ne masu kusurwa. Ka canza su? Ƙananan fitilun gefe fa, ka cire? Kuma ko siririn parshok ɗin Turai ba ka saka ba, na Amurkan ka tura ciki. Motar yanzu ba ta can, ba ta nan.

Mai Marsandi: Malam, siririn ina zan same shi a Maraɗi? Sai an yi oda, kuma maƙalansa daban ne, sai an sake huda jikin mota. Ni tambayata kan maganar yayana ce.

Toliyen Sabon Gari: Malam, da girmanka, ka taɓa riƙe guduma? Ka zo garaji ka ga layin motar daga ƙofa har but, yadda ya tafi bai karye ba. Ido ke yanke hukunci a aikinmu.

Malamin Lise: Ban riƙe guduma ba, amma na san abin da shok ɗin yake yi. Shi ke shanye bugu. Kun tsiyaye man, kun kama da walda, yanzu duk ɗan kabu-kabun da ya daki motar a cunkoson babbar kasuwa, bugun kai tsaye zai wuce cikin shasi ya lanƙwasa but.

Ɗan Jibiya: Ni abin da ya ɗaga mini hankali walda a bayan mota ne. Tanki fa? Da Katsina kuka kawo ta, masu gyaran bodi na can da noti za su kama bambar, duk ranar da aka so a kwance.

Toliyen Sabon Gari: Tankin wannan motar sama da aksil ɗin baya yake, bayan kujeru, ba ya kusa da wurin. Ka san mota kafin ka yi magana. Kuma wace Katsina? Mu nan muke kwance aikinku, mu tarar da mastik, abin cike lotsawa, kaurin yatsa ƙarƙashin fenti.

Ɗan Jibiya: Haba maigida! Fentin da kake fesawa daga ina yake zuwa? Ba ta Ɗan Isa yake shigowa ba? Kayan aikinku kaf daga Kano kuke saro su.

Toliyen Sabon Gari: Kaya daban, hannu daban.

Ɗan Jibiya: Ka turo hoton aikinka mu gani mana. Tun ɗazu baki kawai muke ji.

Direban Kwatano: Ku bar rigimar iyaka. Ni na kwaso motoci daga Kwatano ta Gaya da Doso da Ƙonni har nan, na san abin da mai saye ke dubawa. Yana leƙawa ƙarƙashi ya ga walda, sai ya karya kuɗin.

Mai Marsandi: Wa ya ce sayarwa zan yi, Alhaji? Motar mahaifina ce.

Hajiyar Zariya: Yauwa ɗana, ka faɗa da bakinka. Motar mahaifinku ce. An raba gadon? In ba a raba ba, yayanka da ƙannenka mata duk suna da haƙƙi a cikinta, ko ƙusa ɗaya ba ka da ikon cirewa sai da yardarsu. Ka je ka ba shi haƙuri.

Toliyen Sabon Gari: Hajiya, motar da ta yi shekaru a zaure kaji na kwana ƙarƙashinta, wa ya tuna da haƙƙi? Yaron nan ya sa kuɗinsa ya tashe ta.

Malamin Lise: Tashe ta daban, yanke ta daban. Kuma har yanzu bai janye kalmar asali ba.

Direban Kwatano: Ba zai janye ba, tunda toliye na zuga shi.

Shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. An tabbatar dogon parshok dokar Amurka ce ta 1974 ta kawo shi, don haka wanda ya rage shi ya kusantar da mota ga zanenta na farko, kuma kowa ya ji cewa aikin ya yi kyau. An kuma tabbatar toliyoyin Maraɗi ba sa buƙatar a tsallaka iyaka da mota. Malam da Alhaji sun kawo ƴan ƙorafe-ƙorafe kan fitilu da farashi, waɗanda ba su shafi bayan mota ba. Maganar gado ta cikin gida ce. Mai son irin wannan aikin ya same ni gobe bayan la'asar, in raka shi garajin ƙanena a Sabon Gari.