Rigimar "asali" kan Datsun ɗin Baban Ummi

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau haƙurina ya ƙare. Wata 9 ke nan Datsun ɗina 240Z 'yar 1972 tana kwance a wata warsha, wato garejin gyaran mota, a Sina'iyyar Jidda, unguwar makanikai. Ba zan kama sunan mai warshar ba, masallaci ɗaya muke sallah. Tun farko na ce masa ƙarfi nake so, amma kada a cusa min injin wata mota, a gina min na asali. Aka samo bulon injin Nissan L28, aka faɗaɗa silinda daga milimita 86 zuwa 89, aka sa karanshaf ɗin LD28 mai shan gas (dizal), inji ya koma lita 3.1, aka jera masa kafiretan Weber guda 3. Riyal 38,000 na zuba. Jiya na ɗauke ta na hau hanyar Makka, ina taka totur sai ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kafin Bahra ruwa ya tafasa. Duk da haka ina nan a kan bakana: injin asali da aka gina ya fi duk wani injin Toyota 2JZ da yaran nan suke cusa wa Datsun. Wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Ɗan Karantina: Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya huci zuciyarka, amma wane asalin? 240Z da L24 ta fito daga Japan, lita 2.4, kafireta biyu na Hitachi. Kai ka ɗauko bulon 2.8 wanda sai 1975 ya zo a 280Z, ka haɗa da karanshaf ɗin injin gas, ka ɗora kafiretan Italiya a kai. Wannan ai dambu ne.

Baban Ummi: Duk gidan L ne. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Ɗan Karantina: Injin gas ɗin ma ɗan uwanku ne?

Abu Safwan: Gyara zancenka yaro. Ba injin gas aka sa ba, karanshaf ɗinsa kawai ake cirewa, saboda tafiyar fistan a cikinsa milimita 83 ce, na L28 kuwa 79. Wannan milimita 4 ɗin da faɗin silinda su ne suka kai shi 3.1. Tun kafin a haife ka masu Z suke wannan haɗin. Nissan ce ta ƙera duka biyun, ƙulle-ƙullensu ɗaya, ya zauna a wurinsa ba walda. Abin da ya zauna ba walda shi ne asali.

Ɗan Karantina: To ashe L28 ɗin tsohuwar Patrol ma in na sa a 240Z asali ne, tunda zai zauna.

Abu Safwan: Ƙwarai kuwa.

Ɗan Karantina: Shi ke nan, gobe zan sa wa jaki sirdi in ce ingarma ne.

Mu'allim Tsoho: Alhaji, wane mai ka sha, koren 91 ko jan 95? Kuma an aske top ɗin, wato kan silinda? Ƙarar tsakuwar nan mai ne yake kamawa da kansa kafin lokaci. In matsin silinda ya kai 10 ko ya wuce, ga zafin Jidda, 91 ba zai ɗauka ba. A mayar da taimin baya kaɗan, a duba jet ɗin Weber ko mai ya yi ƙaranci. Lagireto kuma in na 2.4 ne aka bari, dole ya tafasa. Kada ka sake taka ta sai an duba, fistan kake ci.

Supra Hindawiyya: Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne "yaran nan". Shekarata 41 Alhaji. 2JZ ɗin da kake rainawa lita 3 ne, silinda 6 a jere kamar naka, bulon ƙarfe kamar naka, ga turbo biyu tun daga kamfani. Supra ta 1993 a Amurka doki 320 aka rubuta mata. 240Z ɗinka doki 151 ne a takarda. Ka kashe 38,000 kana neman abin da Toyota ta bayar kyauta.

Abu Safwan: Kyauta? Nawa ake sayar da 2JZ a tashlih, kasuwar kayan matattun motoci, yanzu? Ga yanka ƙafar inji, ga sabon waya daga gaba har baya, ga giyabos, ga difrenshal da zai tarwatse ranar farko. Kuma in ka gama ba Datsun ba ce, Toyota ce ta ari riga.

Supra Hindawiyya: Amma tana zuwa Makka ta dawo ba ta tafasa ba.

Baban Ummi: Tafasar laifin mai warsha ne, ba laifin asali ba.

Ɗan Karantina: Kawu ka daina cewa asali don Allah. A wurin masu sayen tsoffin motoci, asali yana nufin lambar da ke jikin bulo ta yi daidai da wadda ke kan farantin motar. Ina L24 ɗinka yake yanzu?

Baban Ummi: Yana nan a warsha, a ƙarƙashin tamfol.

Ɗan Karantina: To ga asalin can a ƙarƙashin tamfol.

Abu Safwan: Kai da kake ta asali asali, a Karantina aka haife ka, ko Kano ba ka taɓa gani ba, amma kullum kana cewa kai Bakano ne ɗan Fagge. Ka zauna a Jidda ba walda, mun karɓe ka. Ka karɓi karanshaf ɗin mutane.

Ɗan Karantina: Yaya, kakana da ƙafa ya ratso Sudan, ya yi shekaru yana noma a hanya kafin ya tsallako teku ta Sawakin. Kai kuwa jirgi ne ya sauke ka jiya-jiya. Kada ka taɓa min asali.

Abu Safwan: Shekara 22 ce jiya-jiya?

Mai Zaure: Jama'a a bar maganar kakanni. Inji muke yi.

Mu'allim Tsoho: Alhaji, ina jiran amsa. 91 ko 95?

Hajiya Maman Walid: Ni tambayata ɗaya ce, ku yi haƙuri na shigo cikin maganar maza. Duk wannan dokin da kuke ƙirgawa, a ina za ku sake shi? Sahir, kyamarar kama masu gudu, yana kowace kwana. Maigidana bara tarar da ya biya ta isa sayen kafireta ɗaya. Kuma ranar fahas, binciken lafiyar mota na hukuma, me za ku ce musu da wannan salansar?

Supra Hindawiyya: Hajiya ai akwai salansar fahas, akwai ta yawo.

Mai Zaure: Wannan ba a zauren nan aka faɗa ba.

Abu Safwan: Tunda mai Supra ya buɗe baki, ka dawo min da sifanar auna ɗauri da ka ara tun kafin azumi. Da ita ake ɗaure top, ba ado ba ce.

Supra Hindawiyya: Na ba ƙaninka a Shari'a Mansur ranar da muka je ɗaurin aure. Ka tambaye shi.

Abu Safwan: Ya ce ba ka ba shi komai ba sai katin gayyata.

Supra Hindawiyya: Wallahi na ba shi. A jar leda.

Baban Ummi: Ni na kawo kukana, ku kuna rabon sifana. Wanda ya taɓa jin Weber uku suna shan iska a kan silinda shida ba zai yi min zancen turbo ba. Wannan kukan ba a sayensa a tashlih. Minti goma na ji shi jiya kafin ta fara tsakuwa, kuma wallahi minti goman nan sun biya ni.

Ɗan Karantina: Riyal 3,800 kowane minti. Ma sha Allah.

Mai Zaure: To dare ya yi, bari in taƙaita don waɗanda za su tashi su tarar da saƙo 200. Na ɗaya, an yi ittifaƙi cewa injin Baban Ummi ba na asali ba ne, in ban da Abu Safwan, shi kuma kowa ya san Datsun uku ne a ƙofar gidansa, ba wadda take tashi. Na biyu, lissafi ya nuna 2JZ ya fi ƙarfi, ya fi jure zafin ƙasar nan, kuma babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Na uku, maganar kakanni an yafe. Sifana kuma a sasanta ta a waje. Shawarata ga Alhaji ya rage asara tun da wuri. Akwai 2JZ guda biyu masu tsabta da suka shigo min makon jiya, ɗan zaure yana da ragi.

Abu Safwan: Wane ittifaƙi? Mutum biyu ne suka faɗa, ɗaya sunansa Supra, kai na uku kana sayarwa.

Mai Zaure: An rufe zaure sai da safe.

Baban Ummi: Mu'allim yi haƙuri, yanzu na ga tambayarka. 91 na sha. Lagireton kuma nata ne tun 1972, na asali.