An tsayar da auren ƙanena saboda "asali", ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Tawa nake rubutu, abin ya ishe ni.

Ƙanena malamin makaranta ne, shekara biyu yana neman wata yarinya, an kai goro, har an fara zancen sadaki. Sai wata gwaggonta ta je bincike ƙauyenmu, ta dawo da cewa wai kakan kakanmu bawa ne. Shi ke nan, magana ta tsaya cik, yau wata huɗu. Ba su ce ba ya salla ba, ba su ce ba shi da sana'a ba. Wai "irinsu ba su da amana", mutumin da suke yabo jiya jiya.

Na san tun 2003 dokar Nijar ta haramta bauta, har kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke hukunci kan wata shari'ar bauta a Yamai a 2008. To amma kotu na ɗaura aure? Mun aika limamin unguwa, uban yarinyar ya ce shi bai ƙi ba, dangi yake jin tsoro.

Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, wa kuka aika aka saurare shi? Mu je wurin Timidria, ƙungiyar da ke yaƙi da bauta a Nijar, ko hakan zai ƙara dagula lamarin? Yarinyar dai ta ce ba ta fasa ba.