Rumbun bayanan kantinmu yana yawan lalacewa: yaya za mu tsare shi?

Mai kantin magani, Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Muna da kantin sarin magani a Sabon Garin Zariya, kuma shekara uku ke nan muna rubuta shigar kaya da fitarsu da basussukan abokan ciniki a fayil ɗaya na Microsoft Access. Fayil ɗin yana kan kwamfutar ofishina, sauran kwamfutoci uku kuma suna buɗe shi ta Wi-Fi. Sau biyu a watan nan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, kuma bayan an tayar da janareta fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Da na ɗauko kwafin da nake saukewa a filas kowace azahar, sai na tarar shi ma ya lalace. Ina roƙon masana su nuna mini inda muke kuskure.

Mai gyaran kwamfuta, Samaru:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Zan fara da kwafin azahar, domin a nan babban kuskuren yake. A lokacin ma'aikatanka suna cikin fayil ɗin suna rubutu, kuma kwafin da aka ɗauka ana cikin rubutu yakan fito rabi sabo, rabi tsoho. Alamar ganewa tana da sauƙi: muddin wani yana ciki, za ka ga wani ɗan ƙaramin fayil mai suna iri ɗaya wanda ya ƙare da .laccdb a gefen babban, kuma yakan ɓace idan mutum na ƙarshe ya rufe. Kada a ɗauki kwafi sai ya ɓace. Idan kowa ya rufe amma yana nan, to galibi wata kwamfutar ce ta mutu ba a rufe fayil ɗin ba.

Game da lalacewar kuwa, Access ba shi da wata uwar manhaja da ke tsaye tana karɓar saƙo tana rubutawa a madadin kowa. Kowace kwamfuta da kanta take shiga fayil ɗin ta yi rubutu, saboda haka idan wuta ta ɗauke ko Wi-Fi ya yanke na daƙiƙa biyu ana cikin adana wani layi, rubutun zai tsaya a rabi. Ku ja wayar sadarwa zuwa kowace kwamfuta ku bar Wi-Fi ga wayoyin hannu. Ku sa UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, a kan kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin, da kuma na'urar da wayoyin sadarwar kwamfutocin suke haɗuwa a kanta, wadda mutane da yawa suke mantawa da ita.

Sannan a raba rumbun gida biyu, Access yana da abin yin haka a cikinsa. Teburan bayanai su zauna a kwamfutarka, fom-fom da rahotanni kuma kowane ma'aikaci ya sami nasa kwafin a tasa kwamfutar.

Akawun wata makaranta, Tudun Wada:

Alhaji, ina goyon bayan abin da Malam ya faɗa, amma ina da ƙari daga abin da ya same mu. Mun taɓa ajiye rumbun kuɗin makaranta a cikin jakar OneDrive, wato ma'ajiyar fayiloli ta intanet, muna zaton mun huta, sai ya zama manhajar tana ƙoƙarin tura fayil ɗin intanet alhali muna cikinsa, har muka wayi gari da fayil biyu masu saɓani a makon karɓar kuɗin zango. Irin wannan wurin na ajiye kwafin da aka riga aka rufe ne kawai.

Yanzu kullum bayan an tashi nake ɗaukar kwafin ko-ta-kwana, in sa masa kwanan wata a sunansa, ba na ɗora na yau a kan na jiya, domin wata ɓarnar ba a gane ta sai bayan mako guda. Ɗaya yana kan faifan ajiya na waje da nake tafiya da shi gida, ɗaya yana intanet. Duk ranar Asabar kuma ina buɗe ɗaya in duba lissafin ƙarshe da idona. Da Alhaji yana buɗe na filas ɗinsa, da tuni ya gane matsalar.

Mai kantin magani, Sabon Gari:

Na gode, Malam. Na gode, Hajiya. Na duba yanzu, fayil ɗin ya kai gigabait 1.6. Shin girman yana da hannu a ciki?

Mai gyaran kwamfuta, Samaru:

Yana iya kasancewa, ranka ya daɗe, domin iyakar fayil ɗin Access gigabait 2 ne, kuma kun kusa. Sai dai da wuya a ce duka bayanai ne, saboda Access ba ya mayar da gurbin abin da aka goge sai an matse shi. Yau da dare, bayan kowa ya fita, ka fara ɗaukar kwafi, sannan ka danna Compact and Repair, wato maɓallin matsewa da gyara, kada ka matse kafin ka ɗauki kwafin. Idan bayan matsewar girman bai sauka sosai ba, sai a mayar da teburan kan SQL Server Express, wanda uwar manhaja ce ta rumbun bayanai kuma kyauta ne, ma'aikatanka kuma su ci gaba da amfani da fom-fom ɗin da suka saba. Ka faɗa mana girman da ya koma gobe.